Ban-ruwan Gonar Kurciya

Sallama gare ku, masu bibiyar wannan labari nawa. Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "ki yi haƙuri, ki yi haƙuri", na gode, Allah ya bar zumunci, amma ku riƙe haƙurin naku tukuna sai kun ji abin da na tafka da hannuna. Wadda kuma yau ta fara shigowa, ga inda aka kwana. Ni ce auta a gidanmu. Ina da saurayi mai kantin fenti, ni Dogo nake ce masa, a gidanmu kuwa ba shi da suna sai "mai fentin nan". Ina sonsa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Baba ya ce shi bai ƙi yaron ba, amma ba zai ba da izinin a turo manya ba sai ya ga alamar natsuwa a tare da shi. Natsuwar nan ita muke nema tun bara.

Abin da ya hana a gan ta kuwa wasan waya ne, kuma abin haushin, a wajen aikina ake yin sa.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar zumunta, irin wadda za ki buɗe ki ga wane ya sa hoto, wance ta yi sabon ɗinki. Ofishinmu ɗakuna biyu ne a saman wani shagon katifa. Dogon tebur ɗaya, fanka mai kuka, kowa da kwamfutarsa da kofin shayinsa da ba ya wankewa. A cikin manhajar akwai wasan gona. Ka yi shuka, ka yi ban-ruwa, ka kiwata kaji, ka leƙa gonar maƙwabcinka ka taimaka masa. Ba a hira a wasan, babu ma wajen rubuta saƙo. Aikinka ne kawai ke magana a madadinka, domin duk motsin da ka yi a gona sai wasan ya turo mana shi, mu kuma mu mai da shi labari a shafin abokanka.

In ya zo mana ba a jimla yake zuwa ba. Gurabe ne a jere: wanda ya yi, abin da ya yi, wanda aka yi wa, yaushe, sai gurbi na ƙarshe, wa zai gani. Aikina shi ne in zauna in tabbatar kowane bayani ya faɗa gurbinsa, jimlar da za ta fito kuma ta yi daɗin karantawa. Da farko maza abokan aikina sun rubuta "ya zuba ruwa a gonar wance". Na ce wannan ai rahoton hukumar ruwa ne, wa zai tsaya karantawa? Na mai da shi "ya shayar da gonar wance don kada ta bushe", na ƙara masa hoton ɗan ɗigon ruwa a gefe. Shugabanmu, wanda muke kira Mai Gilashi in ba ya kusa, har tafi ya yi min.

"Ke kam kin san zuciyar mutane," in ji shi.

Na sani kuwa. Ni ce kuma na karɓi wayar Dogo na saka masa wasan da wannan sunan da nake kiransa, lokacin da aka ce kowa ya jawo nasa don 'yan wasa su yi yawa. Ku riƙe wannan, don kada nan gaba wata ta ce tsautsayi ne.

Ranar da abin ya fara ci min rai, Yayata ta zo yini. Muna ɗakin Umma, an zube wanki a tsakar gado muna ninkewa, Umma na zaune a ƙasa tana tsintar shinkafa a faranti. Yaya ta kishingiɗa a kan filo, ta cire ɗankwali, tana latsa waya da wannan murmushin nata da na sani tun ina ƙarama, wanda in ta yi shi to wani zai yi kuka.

"Umma, kina son labaran duniya?"

"Ina ji."

"'Dogo ya shayar da gonar Kurciya don kada ta bushe.' Allah sarki, bawan Allah mai tausayi."

Umma ta ɗago. "Wace ce kuma Kurciya? 'Yar wane gida ce?"

"Umma, wasa ne fa," na ce, ina ninke zanin da na riga na ninke. "Suna ne kawai na wasa. Ƙila ma ƙato ne da gemu."

"Ƙato da gemu," Yaya ta maimaita. "To ga wani. 'Kurciya ta ba Dogo kyautar saniya.' Saniya fa, Umma, sukutum! Ke Auta, tsakaninki da Allah, me kika taɓa ba shi? Ko ƙwai ɗaya?"

"Yaya, don Allah ki bari."

"Ni me na yi? Karatu nake. Ai an ce ke kike rubuta musu. Wallahi kin iya, har da ɗan hawaye a gefe."

"Ɗigon ruwa ne!"

Umma ba ta yi dariya ba. Ta kaɗa farantin, ta hure ƙaiƙayi, ta ce, "Ni abin da ban gane ba, namiji da girmansa, da kanti, da haya a kansa, ya zauna yana kiwon kajin ƙarya. Yanzu in Babanki ya tambaye ni, me zan ce masa? In ce yaron ya natsu, yana can yana yi wa wata ban-ruwa?"

Ashe Baba yana bakin ƙofa yana neman silifas ɗinsa. Gyaran murya kawai ya yi ya wuce, mu kuwa a gidanmu gyaran muryar Baba ya fi faɗan wani zafi.

Na shige ɗakina na turo ƙofa, na ɗauki waya.

"Wace ce Kurciya?" na rubuta, ko gaisuwa babu.

Ya amsa da fuskokin dariya. "Maƙwabciyata ce a gona. Lafiya?"

"Ka san ta?"

"Ko sunanta ban sani ba. Wasanku ne ya haɗa mu iyaka. Tumatirinta yana yawan bushewa, ni kuma ina zaune a kanti ba ciniki."

"Sai ta biya ka da saniya."

"Auta, saniyar nan ko nono ba a sha. Ai tuni na turo miki gayyata ki zo ki kama filin da ke jikin nawa, kika ce ke ba yarinya ba ce."

Na faɗa, ban musa ba. Gayyatar tana nan ban taɓa buɗe ta ba. Amma gaskiyar mutum ba ta hana a ji haushinsa, sai ma ta ƙara. Na rubuta "Allah ya ba da yabanya", na kife wayar a kan gado.

'Yan uwana mata, ku da kuke leƙen wayar saurayi in ya shiga banɗaki, ku gode wa Allah, naku leƙe ne. Ni zama nake a gaban abin daga safe har yamma, kuma a kansa ake biyana albashi. Washegari ina isa ofis, ko jaka ban ajiye ba na tace bayanan, dubban mutane suka ɓace, ya rage suna biyu. Dogo, Kurciya. Kurciya, Dogo. Sai ga rayuwarsu a jere a gabana, layi bayan layi. Ya cire mata ciyawa. Ta kore masa tsuntsaye. Ya gyara mata shinge. Ta bar masa kwandon ƙwai a bakin rumbu. Abin da ya fi soya min zuciya shi ne gurbin lokaci. Kullum sai ya shayar da gonarta kafin ya turo min "kin tashi lafiya". Na ɗauko wayata na jera saƙonninsa da bayanan, ina gwadawa, ko kwana ɗaya ban riga ta ba.

Na buɗe shafinta. Ba fuska. Hoton hannu ne kawai riƙe da kofi, siririn hannu da awarwaro biyu. Na ja hoton na ƙara masa girma har ya dushe, na ajiye nawa hannun a gefen allon ina kallo. Ba ƙato ba ne, kuma ba gemu.

Na san abin da za ku ce. Ba kalma ɗaya tsakaninsu, ba murya, ba hoto. Ni ma na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma wallahi da kalmomin soyayya na gani da sai na fi samun sauƙi, don na san bakin maza. Wannan kuwa kulawa ce zalla, kullum, ba fashi, ba wanda ya roƙa. Ni sai na tuna masa sau uku kafin ya kawo min cazar da ya ara.

Akwai wani maɓalli a wajen aikinmu da muke amfani da shi in wani ya kawo ƙarar cewa wani ya dame shi. In ka danna, duk abin da ya gudana tsakanin mutum biyun nan, gurbin "wa zai gani" sai ya koma "babu kowa". Wasan zai ci gaba, ruwa zai zuba, kyauta za ta shiga rumbu, amma ba suna, ba sanarwa, ba labari a shafin kowa. Gonarki za ta yi kore, ba za ki san ko ruwan sama ne na wasan ko hannun mutum ba. Dokar Mai Gilashi ita ce ba a taɓa maɓallin sai da ƙara a rubuce.

A ranar, da tsakar rana, kowa ya sauka cin abinci. Aka ce in zo, na ce ba na jin yunwa. Ya rage daga ni sai fanka. Na sa sunansa a gurbi ɗaya, nata a ɗayan. A wajen da ake rubuta dalili na sa "gwaji", na danna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin da suka biyo baya sun yi min daɗi. Su ba sa ganin juna, Yaya ba ta gani, duniya ba ta gani, ni kaɗai nake gani. Dogo ya shayar da gonarta, shiru, ba godiya. Ta aika masa ƙwai, shiru. Washegari ta aika ƙwai da zuma. Jibi ta aika saniya ta biyu. Ina zaune da shayina ina kaɗa ƙafa, a raina ina cewa ki aika masa da giwa ma, baiwar Allah, ba mai ce miki sannu. Har abokin aikina na gefe ya tambaye ni ko an yi min albishir ne, na ce a'a, aikin ne yake tafiya daidai.

Wata rana da yamma Dogo ya zo zance. Muka zauna a kan bencin ƙofar gida, yana sanye da shuɗiyar rigar nan tasa da ɗigon farin fenti a aljihu, wadda na ce ya daina zuwa min da ita bai ji ba. Hira yake, amma rabin hankalinsa yana aljihu. Can ya ce, "Wai wasanku lafiya yake kuwa?"

"Me ka gani?"

"Ba komai. Kamar dai ya yi shiru."

"Ƙila mutane ne suka gaji," na ce, ina gyara mayafi. "Ka san abin yara, ba ya daɗewa."

Ya ce, "Haka ne," ya mai da wayar aljihu. Na ga fuskarsa ta ɗan faɗa, kuma maimakon in ji tausayinsa sai wani sabon kishin ya taso min, wai har rashinta zai sa ya yi wannan fuskar a ƙofar gidanmu.

Bayan 'yan kwanaki wani layi ya fito da ban saba gani ba. Kurciya ta kafa allo a bakin gonarta. A wasan ana iya kafa ɗan allon katako a rubuta 'yan haruffa, yawanci sunan gona ake sawa. Sai dai abin da aka rubuta ba ya zuwa mana. Aikin kawai ke zuwa, an kafa allo, shi ke nan. Mai son karantawa sai ya shiga wasan, kuma sai maƙwabci. Ni kuwa ba ni da ko taki ɗaya a can. A ƙasan layin sai ga wani, Dogo ya ziyarci gonar Kurciya. Daga nan ɗif. Washegari ba shi ba ita. Jibi haka. Na ce alhamdu lillahi, allon bankwana ne, ta rubuta masa "sai wata rana" ta tattara kajinta. Ranar har shayi na saya wa kowa a ofis.

A gida ma sai abubuwa suka fara kyau. Yaya ta kira Umma a waya, ina jin muryarta daga kicin. "Umma, mai fentin Auta ya tuba fa. Na duba na sake dubawa, ba ban-ruwa ba saniya. Ko dai an yi masa addu'a ne?" Umma ta ce dama ita ta san yaron yana da kunya, magana ɗaya ta ishe shi. Ni dai na ci gaba da wanke kofuna.

Ran Laraba da safe, ina shirin fita, Baba ya kira ni falo. Yana zaune da tabarau a kan hanci, rediyo a gefe an rage murya. Na durƙusa.

"Uwarki ta ce yaron nan ya bar shiriritar."

"E, Baba."

"Ke kika yi masa magana?"

"E... na yi, Baba."

"To madalla. Namijin da mace za ta gaya wa gaskiya ya ɗauka, ana iya zama da shi. Ki ce masa ran Asabar ina gida. Ya turo manyansa mu san juna."

Ban san lokacin da na ce "na gode, Baba" har sau uku ba. Umma tana bayan labule, na ga ƙafafunta. Ina fitowa ta kama hannuna ta matse, ta ce a hankali za ta sa a wanke labulen falo, a fito da kofunan baƙi.

Wannan albishir ba na waya ba ne. Na ce sai na ga idonsa lokacin da zai ji. Na roƙi Mai Gilashi in tashi da wuri, na dawo gida na yi wanka na biyu. Na ɗauko doguwar rigata ruwan zuma mai aiki a wuya, wadda Dogo ya taɓa cewa in ana neman launin a kantinsa sai an haɗa gwangwani uku. Na sa mayafi mai ruwan madara, ɗan kunne ƙanana, takalmi mai ɗan tudu duk da na san layinsu duk rami ne. Na fesa turare har Umma ta yi atishawa daga ɗakinta. A mota ina ta gwada yadda zan faɗa. In fara da fushin wasa ne, in ce Baba ya ce kada ya sake zuwa, sai ya rikice sannan in saki dariya? Ni kaɗai ina murmushi, matar da ke kusa da ni tana ta satar kallona.

Kantin Dogo ɗan siriri ne, tsakanin mai sayar da tayil da mai gyaran fanka. Gwangwanaye jere har rufi, warin fenti tun daga bakin titi. Ban kai ƙofa ba na ji dariyarsa. Ba irin wadda yake yi wa masu ciniki ba. Ta cikin ciki, mai sa shi dafa tebur.

Akwai wata farar kujerar roba da yake ratayewa a ƙusa can sama don kada fenti ya taɓa ta, ni kaɗai yake sauke wa. Tana ƙasa. A kanta wata mace ce zaune, da katin launuka a buɗe a cinyarta. Idona bai fara sauka a fuskarta ba, a hannunta ya sauka. Awarwaro biyu.

"A'a, Auta!" Dogo ya miƙe, yana goge hannu da tsumma. "Shigo mana. Malama, ga wadda nake ba ki labari. Ita ce mai aiki a kamfanin wasan."

Mai aiki a kamfanin wasan. Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Da kyakkyawa ce ta fitar hankali, da na samu abin riƙewa, in ce kyau ne ya ruɗe shi. Ba haka ba ce. Mace ce kamar kowa, baƙar doguwar riga, mayafi toka-toka, takalmi shimfiɗaɗɗe da ƙura a kai, ga 'yar wushirya. Sai dai fuskarta a sake take, irin ta mutanen da ba sa gwada magana a mota kafin su faɗe ta. Ta miƙe tsaye ta kama hannuna da nata biyu.

"Ke ce? Sannu 'yar uwa! Ni ce Kurciya, kin ji sunan banza ko? Yaran makarantarmu ne suka sa min. Wallahi kun ba mu wahala kwanan nan."

"Wahala kuma?" Muryata ta fito siririya.

"Wasanku mana. Rana ɗaya kawai na daina ganin sunansa. Na ɗauka na yi masa laifi. Na aika ƙwai shiru, na aika zuma shiru, har saniyar da nake ji da ita na ba shi. Na ce kai, mutumin da ya raya min gona wata da watanni, ba zan bari mu rabu ba ko sallama. Shi ne na kafa allo na rubuta lambar wayata, na ce in yana raye ya kira."

"Ni kuma na ɗauka ta ƙaura," in ji Dogo, yana dariya. "Ina ta zuba ruwa ba ko sannu. Da na ga lambar sai da na yi ta juya waya a hannu, na ce bari dai in ji ko lafiya."

"Ashe layi biyu ne tsakanin kantin nan da makarantarmu," ta ce. "Kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa ɗaga kai ba."

Wasan yana haɗa maƙwabtaka ne da waɗanda ke kusa da juna. Na san da haka tun ranar da na fara aiki, kishi ne ya shafe min shi.

"Ka ga ikon Allah," Dogo ya ce yana kallonta. "Da wasan bai lalace ba, har abada ba zan san muryarki ba."

"Don Allah 'yar uwa, in kin koma ki ce musu kada su gyara," ta ce, suka sake fashewa da dariya tare.

Ni ma na yi dariyar. Me zan yi? In ce ba lalacewa ya yi ba, ni ce? In faɗa a gabanta cewa na zauna ina ƙirga ƙwanta, na sa aikina a kan siraɗi saboda tumatirin ƙarya? Ta nuna min kujerar ta ce in zauna, ita ta huta. Kujerata ake yi min tayi. Na ce a'a, sauri nake, magana ɗaya ce ta kawo ni.

Muka fito bakin kanti ni da shi. Duk abin da na gwada a mota ya gudu. Na faɗa masa a miƙe, kamar mai isar da saƙon wani.

"Baba ya ce ka turo manya ran Asabar."

Na zuba masa ido, don dama idon na zo gani. Ya yi murmushi, ba zan yi masa ƙazafi ba, ya yi. Amma kafin murmushin sai da ya sake goge hannunsa da tsumman, hannun da ba komai a jikinsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kai, madalla. Asabar ɗin nan mai zuwa?"

"Ita."

"Wai... kin san me? Na riga na yi wa Malama alkawarin fentin ajujuwansu ran Asabar. Ranar kaɗai yara ba sa nan."

"Ma'aikatanka fa?"

"Launin da ta zaɓa yana da wuyar haɗi, sai ina tsaye a kai. Kuma kin san Kawuna, shi zai jagoranci manyan, ba a yi masa gaggawa, sai an ba shi lokaci ya shirya."

"Dogo, tun bara muke jiran kalmar nan daga bakin Baba."

"Na sani, Auta, wallahi na sani. Ki ba shi haƙuri, ki ce wata Asabar ɗin. Ai ba guduwa zan yi ba."

Daga ciki ta ɗaga murya. "Maƙwabci! Wannan shuɗin ko wancan?"

"Ina zuwa!" ya amsa, tun kafin ta rufe baki. Ya juyo gare ni. "Rigar nan ta yi miki kyau. Zan kira ki anjima."

Ban tsaya neman mota ba. Na bi layin da ƙafa, takalmin yana ta turguɗa ni a ramuka, sai da na sha kwana na tsaya a jikin wani shago da aka rufe. Na ciro waya na shiga shafin aiki, na nemo sunayen nan biyu, na cire toshewar. Wallahi addu'a nake a tsaye a titi, Allah ka mai da su gona. Su yi ta ban-ruwa, ta ba shi shanu garke guda, Yaya ta karanta da ƙarfi a gaban kowa, na yarda. A can aƙalla ina gani.

Na jira. Ba layi ko ɗaya. Na buɗe gayyatar nan tasa da ta daɗe tana jirana, na karɓa, karo na farko na shiga wasan. Aka ajiye ni a wani fili fayau a jikin nasa. Gonarsa ta bushe ƙamas, tata ma haka, kaji suna ta yawo ba mai ba su hatsi. Allon yana nan a tsaye da lambarta. Ba su da sauran buƙatar wurin.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Na ɗauka shi ne. Saƙon Umma ne.

"Auta, kin gan shi? Babanki yana tambaya mutum nawa za su zo, don a san kujerun da za a aro. Ya ma kira Baffanki ya gaya masa."

Na karanta, na sake karantawa. Na rubuta "Umma, ya ce wai", na goge. Na rubuta "Akwai 'yar matsala", na goge. Wani mai kai kaya ya yi min hon in matsa daga hanya, na matsa.

Sannan na rubuta mata, "Su biyar ne, Umma. Ya ce a gaida Baba."

Na aika.